A Mazaunai Ake Soka Mu, Ciwon Kuwa Yana Ƙeya

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, tana aure a wani ƙauye tsakanin Kankiya da Kusada, kuma ta kwashe shekaru tana fama da ciwon kai. Daga ƙeya yake taso mata, ta ɓangaren dama, ya bi ta bayan kunne ya haura har ya sauka a kan ido. Idan ya taso sai ta ɗaure kai da ɗankwali tamau, ta aiki jikanta ya kirawo yaron kemis. Yaron ba ya tambayar yaushe ciwon ya fara, ba ya auna hawan jini, ba ya ko taɓa wuyan. Kwalabe biyu yake fasawa, ya zuƙe su a sirinji guda, ya soka mata a mazaunai, ya karɓi kuɗinsa ya hau babur. Ranar da na tambaye ta sunan allurar, cewa ta yi, "Yo ni ina na sani, ɗan nan? Akwai dai fara, akwai mai ruwan ɗorawa."

Kuɗin wannan allura ni nake turawa, wata bayan wata, a ganina zumunci nake yi. Na tabbata da yawa daga masu karanta wannan wasiƙa, malaman jami'a da ma'aikatan banki da lauyoyi da ke Katsina da Kano da Abuja, suna da irin wannan gwaggo, suna kuma tura irin wannan kuɗi. Da ku nake magana a yau, da kaina kuma. Hujjar da nake son kafawa ita ce: yadda muke yi wa daɗaɗɗen ciwon kai allura barkatai, ba tare da an san wane iri ne ba, yana cikin abubuwan da ke hana shi warkewa. Alhali akwai wata allura mai araha, wadda ake yi a ƙeya, da bincike ya nuna tana taimakon wasu marasa lafiya, amma mutanenmu ba su ma taɓa jin labarinta ba. Ina son ta iso manyan asibitocinmu na karkara, ina kuma tsoron ranar da za ta faɗa hannun yaron kemis.

Ciwon kai suna ɗaya, cututtuka da yawa

Harshenmu ya ba mu suna guda, ciwon kai. Likitoci kuwa sun rarrabe sama da iri 200 a kundin Ƙungiyar Masana Ciwon Kai ta Duniya, wanda bugunsa na uku ya fito a 2018. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 kimanin kashi 40 cikin 100 na mutanen duniya, wato mutum biliyan 3.1, suna da wani nau'i na larurar ciwon kai. Mafi yawansu na gajiya da ɗaurewar tsoka ne, sai ciwon ɓarin kai mai zuwa da tashin zuciya da ƙin haske. Akwai mai tasowa daga gaɓɓan wuya, akwai na jijiyar ƙeya mai fizga kamar an jona wuta.

Sai dai a ƙasarmu, kafin a kai ga waɗannan, akwai masu kisa da dole a fara kawar da shakku a kansu. Katsina tana cikin yankin sanƙarau na Afirka. A annobar 1996 sama da mutum 100,000 suka kamu a Nijeriya, sama da 11,000 suka rasu, kuma a 2017 cutar ta sake ɓarkewa a Zamfara da Sakkwato da Katsina da maƙwabtansu. Saboda haka wanda kansa ke ciwo a bazara, ga zazzaɓi, ga wuya ya ƙage, asibiti yake bukata a wannan sa'ar. Haka mai juna biyun da kanta ke sarawa, ƙafa ta kumbura, gani ya dushe, domin wannan na iya zama sharar fagen jijjiga. Haka wanda ciwon ya faɗo masa farat ɗaya kamar an sara da gatari, ko wanda hannu ko ƙafa ya mutu masa, ko baki ya karkace, ko dattijon da ya haura 50 ya wayi gari da sabon ciwon kai da bai saba da shi ba. Allurar kashe ciwo a irin wannan hali rufe bakin mai kururuwa ce, gobarar kuwa tana ci. Babban laifin allurar kemis ke nan na farko: tana sayen kwana ɗaya ko biyu na sauƙi da kwanakin da ya kamata a ce an ceci rai a cikinsu.

Inda magani ke komawa cuta

Laifi na biyu ya fi ɓoyuwa, kuma shi ya kama gwaggona. Akwai ciwon kan da maganin ciwon kai ke haifarwa. Ka'idar da kundin nan ya shimfiɗa a fili take: wanda dama yake da ciwon kai, idan yana shan farasitamol ko asfirin ko daikulofenak da danginsu kwana 15 ko fiye a wata, har sama da wata uku, ko kuma yana amfani da tiramadol da kodin da haɗe-haɗen ƙwayoyi masu kafin kwana 10 ko fiye a wata, to maganin na iya mayar da ciwon na kullum. Ƙwaƙwalwa takan saba, ta ƙara saurin jin zafi, da zarar maganin ya saki sai kai ya sara, a sake sha, a sake sokawa. Mai kemis yana ganin ciniki ya kankama, majiyyaci yana ganin ciwonsa ne ya tsananta, ɗan da ke birni yana ƙara yawan abin da yake turawa.

Kowa ya san mu mutane ne masu girmama allura. A wurin da yawa daga iyayenmu, likitan da ya rubuta ƙwaya kawai bai yi aiki ba. Ba mu kaɗai ba ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ana yin allura aƙalla biliyan 16 a duniya duk shekara, kusan kashi 90 cikin 100 don magani, kuma da yawa ba a bukatarsu, ƙwaya za ta wadatar. Farfesa Murray Last, wanda ya zauna a ƙasar Malumfashi yana nazarin yadda mutane ke neman magani, ya wallafa wata maƙala a 1981 a kan muhimmancin lura da abin da mutane ba su sani ba, ba su kuma damu su sani ba, game da maganin da ake ba su. Shekaru sama da 40 bayan haka, amsar gwaggona ta "fara da mai ruwan ɗorawa" tana nan yadda ya bar ta.

Rashin sanin nan kuwa yana da farashi. Daikulofenak da ake maimaitawa yana ƙwaƙule ciki ya jawo gyambo da zubar jini, yana kuma taɓa ƙoda, balle ga dattijo mai hawan jini ko manomin da ya yini a rana bai sha ruwa ba. Deksametazon da ake haɗawa a sirinji don a ji ƙarfin jiki yana ɗaga sukari da hawan jini, yana kumbura fuska, yana cinye ƙashi. Fentazosin, wadda ake kira Penta, tana kama mutum kamar yadda tiramadol ke kamawa, kuma wurin da ake yawan soka ta yakan taurare kamar itace ko ya ɓare da gyambon da ba ya jin magani. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya gano mutum miliyan 4.6 a Nijeriya suna shan magungunan kashe ciwo dangin tiramadol ba bisa umarnin likita ba. Ba dukansu ne suka fara da neman maye ba. Wasu da ciwon kai da ciwon baya suka fara. Ga kuma allurar da ta kauce ta sami babbar jijiyar da ke saukowa daga mazaunai zuwa ƙafa, ta bar yaro yana jan ƙafa har abada. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Mece ce allurar ƙeya?

A nan sai an yi hattara da harshe. Idan ka ce wa Bahaushe "allurar jijiya", abin da zai fahimta shi ne wadda ake yi a jijiyar jini ta hannu. Jijiyar da nake nufi daban ce: farin zaren nan ne mai ɗaukar saƙon ji da zafi daga fata zuwa laka da ƙwaƙwalwa. Don kauce wa ruɗani zan kira ta allurar ƙeya.

A kowane gefe na ƙeya akwai babbar jijiyar ji da ke fitowa daga saman laka, daura da ƙashin wuya na biyu, ta ratsa tsokar wuya, ta ɓullo ƙarƙashin fata kusa da tudun ƙashin bayan kai, sannan ta bazu har tsakiyar kai. Abin sha'awa shi ne, saƙon wannan jijiya da saƙon jijiyar da ke kula da goshi da ido da fuska a tasha ɗaya suke sauka a saman laka. Shi ya sa ciwon da asalinsa wuya ne ake jin sa a bayan ido, shi ya sa kuma mai ciwon ɓarin kai yake kukan wuya. Wanzaman da suke kafa ƙaho a ƙeya idan kai ya matsa wa mutum sun daɗe da gane cewa wurin nan yana da alaƙa da ciwon, ko da bayaninsu na mataccen jini ya sha bamban da na likita.

Abin da likita ke yi shi ne ya lalubo inda jijiyar take, ya tsabtace fata, ya sa siririyar allura, ya tabbatar bai shiga jijiyar jini ba, ya zuba maganin kashe zafi da bai cika cokalin shayi ba a gefen jijiyar. Maganin shi ne lidoken, wanda ake ɗinke rauni da cire haƙori da shi, ko ɗan'uwansa bufibaken mai daɗewa. Wani lokaci akan haɗa da maganin rage kumburi dangin sitiroyid. Cikin 'yan mintuna bayan kai zai yi dindiris. Maganin kansa awanni kaɗan yake yi ya saki, amma ga wanda ta karɓa, sauƙin ciwon kan yakan kai makonni, kamar dai tashar nan ta saman laka ta sami hutun da ta huce.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun 1884 wani likitan fiɗa na Amurka, William Halsted, ya fara kashe jijiya da allura, da hodar iblis kuwa, kuma garin gwaji a jikinsa ya kamu da jarabarta. A 1943 Nils Löfgren ya haɗa lidoken a Suwidin, aka sami abin da ke kashe zafi ba tare da ya kama mutum ba. A yau lidoken da bufibaken duka suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, wato waɗanda ake sa ran samu a kowace ƙasa komai talaucinta.

Abin da take yi, da abin da ba ta yi

Tunda ina zargin wasu da sayar da allura ba hujja, wajibi ne in faɗi iyakar tawa hujjar. Inda allurar ƙeya ta fi ƙarfi shi ne wani ciwon kai mai tsanani da ke zuwa zango-zango, wanda Turawa ke kira kulasta. Ya fi kama maza. Ido ɗaya yake kamawa kamar ana soka ƙusa, idon ya yi ja yana hawaye, hanci ya toshe, mutum ya kasa zama ya riƙa safa da marwa, daga minti 15 zuwa awa uku, sau da yawa a sa'a guda cikin dare, kullum har makonni, sannan ya ɓace watanni. A ƙauyukanmu ciwon da ke zuwa a sa'a ɗaya kowane dare sunansa iska ko sammu, kuma mai shi yakan zaga malamai da bokaye kafin ya ga likita. Gwaji biyu da aka yi bisa ƙa'ida, ɗaya an wallafa shi a 2005, ɗaya kuma daga Faransa a 2011, sun nuna allurar sitiroyid a ƙeya tana rage hare-haren ciwon fiye da allurar ruwan gishiri. A 2016 Ƙungiyar Masana Ciwon Kai ta Amurka ta ba ta matsayi mafi girma na hujja wajen kare wannan ciwo.

Ga ciwon ɓarin kai da ya zama na kullum, wato kwana 15 ko fiye a wata, hujjar ta rabu. Wani gwaji daga Turkiyya a 2015 ya nuna allurar bufibaken mako-mako ta rage kwanakin ciwo, wani gwajin kuma da aka wallafa a shekarar daga Amurka bai ga bambanci tsakanin allurar da ta bogi ba. An kuma ga cewa ƙara sitiroyid a wannan nau'i ba ya ƙara amfani. Don haka likitan kirki gada yake ɗaukarta: abin da zai riƙe majiyyaci makonnin da ake yaye shi daga ƙwayoyin da suka kama shi, kafin maganin kariya irin amitiriftilin ko furofaranolol, waɗanda su ma masu araha ne, ya fara aiki. Tana da amfani kuma ga mai juna biyu da aka tabbatar ba hawan jini ke damunta ba, domin da yawa daga ƙwayoyin kariya ba su dace da ciki ba, lidoken kaɗan a ƙarƙashin fata kuwa likitoci sun daɗe suna amfani da shi ga masu ciki.

Tana da illa ita ma. Wasu jiri kan ɗebe su ko su suma na ɗan lokaci. Sitiroyid yana iya zubar da gashin wurin ya lotsa fata, kuma maimaita shi kusa-kusa yana jawo illolin da na lissafa a kan deksametazon, shi ya sa ake ba da tazarar watanni. Akwai jijiyar jini da ke tafe kafaɗa da kafaɗa da jijiyar jin. Idan maganin ya shiga cikinta da yawa yana iya kawo farfaɗiya ko ya rikita bugun zuciya. Wanda aka taɓa yi wa tiyata a ƙashin bayan kai, ko ya taɓa fashewa a haɗari, maganin na iya zarcewa ciki. Duk wannan a tafin hannu ɗaya daga laka ake yin sa.

Batun wuya

Wuyan mutanenmu yana aiki. Yarinya tana fara ɗaukar tulu da itace da farantin talla tun ba ta kai goma ba. Ɗan dako yana sauke buhun masara a kasuwa, ɗan acaɓa yana yini a kan hanyar burji, tela da magatakarda suna yini a sunkuye, mu kuma ga waya. A 1983 wani likitan Norwe, Ottar Sjaastad, ya ba ciwon kan da ke tasowa daga wuya suna na kansa, kuma ɗaya daga hanyoyin tabbatar da shi ita ce a kashe jijiyar da ake zargi a ga ko ciwon zai ɗauke. A nan allurar tambaya ce ake yi wa jiki.

Amma allurar da ake yi a kan gaɓɓan ƙashin wuya daban take da ta ƙeya. Tana da zurfi, kusa da laka da jijiyoyin jinin da ke ciyar da ƙwaƙwalwa, ba a kuma yin ta sai ana kallon bakin allurar a na'urar hoto. A 1996 Nikolai Bogduk da abokan aikinsa a Ostareliya suka wallafa gwajin da suka yi a kan mutum 24 masu ciwon wuya bayan haɗarin mota, waɗanda aka fara tabbatar da gaɓar da ke ciwon ta hanyar allura, sannan aka ƙona 'yar jijiyar da zafin lantarki. Waɗanda aka yi wa aikin gaske sun sami sauƙi na tsaka-tsakin kwana 263, waɗanda aka yi wa na bogi kwana 8. Sakamako ne mai kyau, sai dai aikin ƙwararru ne a asibitin koyarwa. Ko a Amurka, hukumar kula da magungunansu ta yi gargaɗi a 2014 cewa allurar sitiroyid a kewayen laka, ko da ba kasafai ba, tana iya jawo shanyewar jiki ko mutuwa. Mafi yawan masu ciwon wuya ma ba allura suke bukata ba. Wani gwaji a kan mutum 200 da Gwendolen Jull ta jagoranta, aka wallafa a 2002, ya nuna motsa jiki na musamman da gyaran gaɓɓai a hannun masu gashin ƙashi suna rage ciwon kan da ke tasowa daga wuya, kuma sauƙin ya ɗore har shekara. Duk wanda ya ce zai soka maka allura mai zurfi a wuya a ɗakin da babu na'urar hoto, tashi ka ba shi wuri.

Abin da za a ce mini

Za a ce mai kemis shi ne likitan talaka, shi ke kusa, shi ke ba da bashi, shi ke buɗe da tsakar dare. Gaskiya ne, kuma ban zo cin mutuncinsa ba. Giɓi ya samu ya cike. Amma lasisin da Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Nijeriya ke ba masu irin wannan shago na sayar da magungunan da ba sa bukatar takardar likita ne, bai ba su izinin yi wa mai ciwon kai allura ba. Kuma araharsa ruɗi ce. A tara abin da aka biya shi a shekara a gwada da kuɗin mota zuwa Kankiya ko Katsina da kuɗin kati, a gani.

Za a ce jihar da ke fama da zazzaɓin cizon sauro da tamowa da mutuwar mata wurin haihuwa ina ta ga ta ciwon kai? Amsata ita ce abin da nake nema ba ya bukatar sabon gini ko na'ura daga waje. Duk asibitin da ke ɗinke rauni yana da lidoken. Duk asibitin da ke yi wa mata tiyatar haihuwa da allurar kashin baya yana da hannun da ya iya abin da ya fi allurar ƙeya wuya nesa ba kusa ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ilimin rarrabe ciwon. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya nuna cewa a matsakaici awa huɗu kacal ake ware wa ciwon kai a duk karatun ɗalibin likita, a duniya baki ɗaya. Ciwon da ke hana malamar firamare shiga aji kwana goma a wata, ya hana manomi fita gona a tsakiyar damina, bai cancanci a kira shi ƙaramin abu ba.

Za a ce kuma, in ka yayata ta, gobe za ka ga allo a bakin titin Kano zuwa Katsina an rubuta ana allurar ƙeya. Wannan ita ce suka mafi nauyi, domin mun ga yadda ƙarin ruwa ya zama abin kwalliya, ana rataya leda a ƙusa a cikin shago. Amma ɓoye ilimi bai taɓa hana ɗan kasuwa kwaikwayo ba; bidiyon yadda ake yin ta yana intanet, kuma yaron kemis yana da waya. Abin da zai kare jama'a shi ne su san cewa wurinta asibiti ne, bayan an yi tambayoyi an duba, a kuma same ta a can da farashin da za su iya. Idan ƙofar halas a rufe take, ta bayan gida za a bi.

Abin da ya rage gare mu

Ga hukumomi, buƙatar a sarari take. Hukumar da ke kula da asibitocin Jihar Katsina ta haɗa kai da ƙwararrun ƙwaƙwalwa da na kashe zafi da ke Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, da na Malam Aminu Kano, da na Shika, a horar da likita ko biyu a kowane babban asibiti, har da na Kankiya wanda mutanen Kusada ma ke zuwa, a kan rarrabe ciwon kai da yin allurar ƙeya, a ware rana guda a mako don masu wannan larura. Makarantar Koyon Aikin Lafiya da ke Kankiya, wadda ɗalibanta ne ke riƙe da ƙananan asibitocin ƙauyuka, ta tabbatar duk wanda ta yaye ya haddace alamun haɗari, ya san ƙa'idar kwana 15 da kwana 10, ya kuma san cewa aikinsa a nan turawa gaba ne. Shirin taimakekeniyar lafiya na jiha ya sa wannan aiki da magungunan kariya cikin abin da yake biya.

Ga mu masu tura kuɗi kuwa, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kada ka ƙara biyan kuɗin allurar da ba a gaya maka sunanta ba. Ka sa a ajiye kwalaben da aka fasa da fankon ƙwayoyi a leda, a tafi da su wurin likita. Ka sa a riƙa ƙirga kwanaki. Wadda ba ta rubutu, a ba ta gwangwani biyu, ta jefa ƙwayar wake a ɗaya duk ranar da kai ya yi ciwo, ta jefa a ɗayan duk ranar da ta sha magani ko aka yi mata allura. Likita zai ƙaru da waɗannan gwangwanaye fiye da hoton kai mai tsada da muke gaggawar biya don hankalinmu ya kwanta.

Haka muka yi wa gwaggona. A ƙarshen wata aka zazzage gwangwanin magani aka ƙirga wake 23. Likitan da ya gan ta ya auna jininta, ya duba idonta, ya juya wuyan, ya danna wani wuri a ƙeya sai da ta zabura ta riƙe hannunsa. Ya ce a dakatar da allurar kemis da ƙwayoyin gaba ɗaya, ya gargaɗe mu cewa makonni biyun farko za su yi wuya, ya yi mata allurar ƙeya sau ɗaya don ta haye su, ya rubuta ƙwaya guda da za ta riƙa sha da dare, ya ce jikoki su karɓe ta ɗaukar ruwa. Da ya gama sai ta shafa bayan kanta ta ce, "Likita, shi ke nan? Ai ko zafi ban ji ba." A ganinta allurar da ba ta sa ɗingishi ba ta cika allura ba.

Ba ta warke sarai ba, kuma likitan bai yi mata alkawarin haka ba. Har yanzu kan yana sarawa, musamman in ta yi azumi ko ta kwana biki. Amma waken da ke gwangwanin ciwo yanzu ana ƙirga shi da yatsun hannu ɗaya a wata, kuma ta san sunan ƙwayar da take sha. Shekarun da ta yi kafin haka, da kuɗina aka saye su, kuma ban taɓa tambayar me ake zuba mata ba. Wanda ke da irin wannan gwaggo ya ɗaga waya yau ya yi tambayar. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.